Tambaya da Amsa: Inda Maki Ke Zubewa a Sashen Karatu na IELTS

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka taru mana a wannan wata kan abu ɗaya suke, wato sashen karatu na IELTS, jarrabawar auna ƙwarewar Ingilishi, nau'in Academic da masu neman gurbin jami'a ko lasisin aiki a ƙasashen waje ke zanawa. Mun tsamo bakwai, mun rage musu tsawo, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kano: *Assalamu alaikum. Sau biyu ina zana IELTS. Karo na farko na samu 6 a karatu, na biyu 6.5, ga shi hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila 7 take so. Kullum lokaci ke ƙare mini ina tsakiyar matani na uku, sai in yi canki-canka a tambayoyi goman ƙarshe. Me zan yi?*

Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da lissafi, don a nan ciwon yake. Minti 60 ake bayarwa, matani uku, tambaya 40. Idan aka haɗa matanonin uku suna kaiwa kalma 2,150 zuwa 2,750. Kowace tambaya maki ɗaya ce, mai wuya da mai sauƙi farashinsu ɗaya. A ma'aunin da masu jarrabawar suka wallafa, amsa 23 daidai tana kai mutum wajen Band 6 (Band shi ne matakin sakamako), amsa 30 Band 7, amsa 35 Band 8, ko da yake layin yakan ɗan matsa daga wannan jarrabawa zuwa waccan. Ke nan abin da ya raba ki da 7 bai wuce amsa biyu zuwa uku ba, kuma suna nan kwance cikin goman da kike cankewa.

Kafin komai ki auna saurin karatunki. Ki ɗauki matani guda, ki kunna agogon waya, ki karanta yadda kika saba, sannan ki raba yawan kalmomin da mintunan da kika ci. Binciken da Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent ya fitar a 2019 ya nuna cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yana cin kimanin kalma 238 a minti, idan rubutun ba ƙagaggen labari ba ne. Ba a ce sai kin kamo wannan ba. Amma duba: mai karanta kalma 100 a minti, idan aka ba shi kalma 2,700, minti 27 sun tafi a karatu kawai, ya rage masa minti 33 ga tambaya 40. Mai karanta 180 kuwa minti 15 ya gama. Ki sa wa ranki ki kai tsakanin 170 da 200.

Babban abin da ke daƙile gudu shi ne fassara a zuci. Mutum ya karanta jimla da Turanci, ya mayar da ita Hausa a ransa, sai ya ji ta zauna kafin ya wuce gaba. Aiki biyu ke nan a kan kuɗin ɗaya. Sai motsa leɓe, wanda ke ɗaure ido da saurin baki, sai yawan komawa baya don a sake tabbatar da layin da aka riga aka gane. Maganinsu ɗaya: minti goma kullum ki karanta rubutu mai sauƙi, wanda kin san kusan duk kalmominsa, kina jan biro a ƙarƙashin layi ba tsayawa, ido yana bin biro. Da kin gama ki rufe, ki faɗi abin da ya ƙunsa cikin jimla biyu. Dole rubutun ya zama mai sauƙi, don ba a koyon gudu a kan tudu.

A ɗakin jarrabawa kuma, kada ki karanta matani daga farko har ƙarshe da natsuwar mai bitar takardar gado. Ki ba shi minti biyu zuwa uku: kan magana, jimlar farko ta kowane sakin layi, da ta ƙarshe idan sakin layin dogo ne. A gefen kowanne ki rubuta kalma biyu ko uku da za su tuna miki abin da ke cikinsa, ko da Hausa ne, babu mai duba gefen takarda. Wannan ita ce taswirarki. Sai ki koma kan tambayoyi, kowace ki nemo sakin layinta a taswira, a nan ne za ki tsaya ki yi karatun ƙwaƙƙwafi. Sunayen mutane, shekaru da alƙaluma su suka fi saurin faɗa wa ido, ki fara da tambayoyin da ke ɗauke da su.

Takardar tana ba da shawarar minti 20 ga kowane matani. Mu muna ganin gara 17, 20, 23, saboda galibi na ukun ne ke ɗauke da doguwar muhawara. Duk tambayar da ta ci miki minti biyu ba ki ga haske ba, ki sa amsar da ta fi kwanta miki, ki yi mata alama, ki wuce. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka gurbi ko ɗaya kada ya tafi babu komai. Idan kuma a takarda kike zanawa, ki tuna ba a ƙara ko minti ɗaya don kwafe amsa a sashen karatu. Da kin gama matani, ki zuba amsoshinsa a takardar amsa nan take.

Daga wani ɗalibin digiri na biyu a Zariya: *Malamai, TRUE, FALSE da NOT GIVEN sun hana ni sakat. Duk inda na sa FALSE sai in tarar NOT GIVEN ce, inda na sa NOT GIVEN kuma FALSE. Akwai wata dabara?*

Malam, ba kai kaɗai ba. Bari mu fitar da Turanci daga ciki tukuna, don matsalar ta tunani ce kafin ta zama ta harshe. Ga matani:

"Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan mulki auduga suka sa wa rai, amma cikin 'yan shekaru sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa."

Magana ta ɗaya: "Ba gyaɗa ce Turawa suka yi tsammanin za ta yi kasuwa ba." Wannan TRUE ce. Kalmomin sun bambanta, ma'anar ɗaya.

Magana ta biyu: "Cinikin gyaɗa ya riga jirgin ƙasa bunƙasa a Kano." FALSE ce, domin matanin ya faɗi akasin haka ƙarara: jirgi ya iso, daga baya gyaɗa ta bunƙasa.

Magana ta uku: "Manoman gyaɗa sun fi manoman auduga samun riba." Zuciyarka za ta ce ai gaskiya ne, in ba haka ba me zai sa su koma gyaɗa? Wataƙila ma ka karanta haka a tarihi. Amma matanin bai ce uffan kan ribar manomi ba. NOT GIVEN ce.

Ma'aunin da za ka riƙe ke nan. Kafin ka rubuta FALSE, ka tambayi kanka: zan iya ɗora yatsa a kan jimlar da ta ƙaryata wannan magana? Idan za ka iya, FALSE ce. Idan maganar da matanin za su iya zama gaskiya tare ba su yi karo ba, sai dai matanin bai tabbatar da ita ba, NOT GIVEN ce. Masu ilimi a fannin da matanin ya taɓo su suka fi faɗawa wannan rami. Likita ya samu matani kan zazzaɓin cizon sauro, sai ya riƙa amsawa daga abin da ya sani a asibiti. Ba saninka ake tambaya ba, abin da ke kan takarda ake tambaya.

Sannan ka sa ido kan ƙananan kalmomin da ke auna nauyin magana, don a kansu ake ɗana tarko. Matani ya ce *some*, tambaya ta ce *all*. Matani ya ce *may*, tambaya ta ce *will*. Matani ya ce *one of the largest*, tambaya ta ce *the largest*. Bambancin "wasu" da "duka" ne, ko "mai yiwuwa" da "tabbas", ko "yana cikin manya" da "shi ne babba". Mai gaggawa manyan kalmomi yake gani, ƙananan su wuce shi. Haka kwatanci: idan tambaya ta ce wannan ya fi wancan, alhali matanin ya ambaci kowanne shi kaɗai bai gwada su da juna ba, yawanci NOT GIVEN ce.

Abubuwa biyu da za su rage maka wahala. Irin waɗannan tambayoyi suna bin jerin matani, don haka idan ka samu amsar ta 3 da ta 5, ta 4 tana tsakaninsu, kada ka fita daga nan. Ka duba wajen sau biyu ba ka ga komai ba, ka sa NOT GIVEN ka wuce, kada ka ɓata minti huɗu kana neman abin da dama babu shi. Na biyu, 'yar'uwarta YES, NO, NOT GIVEN ra'ayin marubuci take tambaya. Marubuci yakan kawo ra'ayin wasu ya shimfiɗa shi da kyau, sannan ya ce *however* ya rushe shi. Nasa ra'ayin yana bayan *however* ɗin. Kuma ka rubuta abin da umarni ya ce daidai, kada ka sa TRUE inda aka nemi YES.

Daga wani malamin sakandare a Sakkwato: *Na sayi ƙamus ina haddace kalma hamsin kullum daga harafin A, yanzu ina C. Amma har yau idan na ɗauki matani sai in ga ban gane ba. Wani lokaci ma na san kowace kalma a jimla, jimlar ce ta ƙi zama.*

Malam, a ajiye ƙamus ɗin ya koma aikinsa na dubawa. Ba a haddarsa kamar ƙa'idojin nahawu, kuma yawancin abin da ke tsakanin A da C ba za ka taɓa cin karo da shi a jarrabawa ba.

Masana koyon harshe, musamman Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, sun nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya gane ba tare da taimako ba, yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmominsa, wanda ke nufin dangin kalma 8,000 zuwa 9,000 ga rubutu irin na jarida da littafi. A matani mai kalma 900, kashi 98 na nufin baƙin kalmomi 18 kacal, ana iya tsallake su. Idan kashi 90 ka sani, baƙi 90 ne, kusan ɗaya a kowane layi, kuma a nan babu dabarar da za ta cece ka. Wannan ita ce gaskiyar da masu tallan "sirrin cin IELTS cikin kwana bakwai" ba sa faɗa.

To, daga ina za a fara? Daga jerin da Averil Coxhead ta wannan jami'a ta fitar a 2000, mai suna Academic Word List. Dangin kalma 570 ne, kuma su kaɗai suna cike kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, ko wane fanni ne. An kasa su gida goma, gidan farko shi ne 60 da suka fi yawan fitowa. Kyauta ake samunsa a intanet. Idan ka ɗauki goma a rana, kwana 57 ka sauke. Ka koye su dangi-dangi: *analyse, analysis, analyst, analytical*, kamar yadda karanta, karatu, makaranta da makaranci suka fito daga saiwa ɗaya. Kowace kalma ka rubuta ta cikin jimlar da ka tsince ta, ka kuma haɗa mata abokiyar ma'anarta guda ko biyu, domin jarrabawar nan a kan haka aka gina ta: matani ya ce *decline*, tambaya ta ce *fall*. Bita kuma a warwatse: washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu, bayan wata. Manhajar AnkiDroid tana yi maka wannan lissafi kyauta, kuma tana aiki ba data.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi ba mu sha'awa, wato jimlar da ta ƙi zama. Akwai dalili daga ginin harsunan biyu. Hausa tana fara da uban magana, bayani ya biyo baya. Turancin ilimi yana tara bayanin a gaba, ya ajiye uban a ƙarshe. Ɗauki *groundwater pollution control measures*. Bahaushe zai ce "matakan shawo kan gurɓatar ruwan ƙarƙashin ƙasa". Ka lura, jerin ya juye gaba ɗaya: kalmar da ta zo ƙarshe a Turanci ita ce ta farko a Hausa. Duk inda ka ga sunaye uku ko huɗu sun yi sahu ba komai a tsakaninsu, ka fara daga na ƙarshe ka dawo baya.

Sai wakilin suna. A Hausa komai yana da jinsi, "shi" ko "ita" suna nuna maka wanda ake nufi. Turanci *it* ɗaya yake jefa wa komai, ga *this*, *such*, *the former*, *the latter*. A lokacin atisaye, duk inda ka ga ɗayansu ka ja kibiya zuwa abin da yake wakilta. Doguwar jimla kuwa, ka nemo aikatau na ainihi da wanda ya yi aikin, ka tsallake duk abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ka ga ko ƙashin bayan jimlar ya fito. Daga baya sai a mayar mata da naman.

Abin karantawa kullum: The Conversation, inda malaman jami'a ke rubuta wa gama-gari kuma tana da sashen Afirka, ko BBC Future. Irin salon da matanonin jarrabawar ke zuwa da shi ke nan.

Daga wani matashi a Damagaram: *Ni da Faransanci na yi karatu tun firamare har jami'a. Ingilishi harshena na uku ne. Ina da damar cin wannan sashe kuwa?*

Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, har kana da jarin da maƙwabtanka na Kano da Katsina ba su da shi. Mafi yawan kalmomin ilimi na Ingilishi daga Latin da Faransanci aka aro su: *analyse, conséquence, hypothèse, phénomène* duk ka san su, ɗan gyaran rubutu ne kawai. Jerin 570 da muka ambata wa Malam na Sakkwato zai zo maka da sauƙi.

Inda za ka sha wuya wuri biyu ne. Na farko kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta rabu. *Actually* ba *actuellement* ba ce, "a haƙiƙa" take nufi. *Eventually* "daga ƙarshe" ce, abu ya tabbata, alhali *éventuellement* "mai yiwuwa" ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya juya maka TRUE ta koma FALSE. *Attend* halarta ce, ba jira ba kamar *attendre*. Ka buɗe musu shafi na musamman. Na biyu su ne gajerun aikatau masu ɗan wutsiya, irin su *carry out, bring about, account for, give rise to*, waɗanda Faransanci ba zai taimake ka a kansu ba ko kaɗan. Sau da yawa matani zai kawo ta Latin, *cause*, tambaya ta kawo *bring about*. Rabin lokacin koyon kalmominka ka ba waɗannan.

Ka kuma lura da kwanan wata: takardar DELF ta shaidar iya Faransanci ba ta tsufa, amma sakamakon IELTS shekara biyu yawancin jami'o'i ke karɓarsa. Kada ka zana tun kafin ka shirya neman gurbi.

Daga wata ɗaliba a Kaduna: *Kwamfuta ko takarda, wanne ya fi sauƙi?*

Irin tambayoyin ɗaya ne, lokaci ɗaya, ma'aunin maki ɗaya. A kwamfuta matani yana hagu, tambayoyi suna dama, babu juya shafi. Ana iya shafa wa layi launi, ana iya kwafe kalma daga matani a manna ta a gurbin amsa, wanda ke kawar da kuskuren rubutu. Sakamako yana fitowa cikin 'yan kwanaki, na takarda kuwa kwana 13. Mai kwamfuta ne kuma ke da damar sake zana sashe ɗaya tak cikin kwana 60 maimakon duka huɗun, sai dai ki tabbatar jami'ar ko hukumar da kike nema tana karɓar wannan kafin ki biya. Illar ɗaya ce: wanda duk karatunsa a waya ko a takarda yake yi, babban allo yakan gajiyar masa da ido ya rage masa gudu. Idan kwamfuta za ki zana, atisayenki na makonni biyun ƙarshe ya zama a kwamfuta da linzami, ko da a shagon intanet ne. Ki duba abin da cibiyar da ke kusa da ke take bayarwa, don kwamfuta ce ke ta mamaye wurare.

Daga wani injiniya a Jos: *Na yi gwaji ya fi ashirin daga littattafan Cambridge. Kullum 26 ko 27 nake samu, ba gaba ba baya. Zaɓen kanun sakin layi ya fi kayar da ni. In ƙaro wasu littattafan?*

A'a, Injiniya. Yawan ɗora buhu a sikeli ba ya ƙara masa nauyi. Gwaji awo ne, gyaran yana cikin abin da ka yi bayan ka duba amsa, kuma muna kyautata zaton kana duba maki ne ka ja tsaki ka buɗe na gaba. Kowane littafi gwaji huɗu ne a ciki, ashirin ɗin da ka yi sun ishe ka. Ka koma kansu.

Gwajin awa ɗaya yana bukatar bitar awa biyu. Ka samu littafin rubutu ka ja layi gida huɗu: lambar tambaya, jimlar matani da amsar take ciki, kalmomin tambaya da suka yi daidai da na matani, sai dalilin faɗuwa. Gida na uku shi ne zinariyar, don a nan za ka ga yadda ake sauya wa magana riga. Dalilin faɗuwa kuwa ba ya wuce biyar: ban san kalmar ba, ban samu wurin ba, na samu wurin na yi wa jimlar gurguwar fahimta, lokaci ya ƙare, ko na san amsar na rubuta ta ba daidai ba. Har amsoshin da ka canka suka dace ka sa su a ciki. Bayan gwaji huɗu ka ƙirga, za ka ga dalili ɗaya ya rinjayi saura. Shi za ka yi wa aiki.

Na biyar ɗin ya fi ciwo, domin maki ne da ka riga ka ci ka zubar. Wanda ya taso da auna fahimta irin ta WAEC an hore shi ya amsa da kalmominsa. A nan akasin haka ake so: idan aka ce cike gurbi daga matani, ka kwafo kalmar yadda take, harafi da harafi. Aka ce NO MORE THAN TWO WORDS ka rubuta uku, an soke, ko da ta ukun *the* ce. Kalma mai karan ɗori a tsakiya ɗaya ake ƙirga ta. Ka bar *s* ta jam'i, an soke. Aka ce rubuta harafin zaɓi ka rubuta kalmar, ka jawo wa kanka. Mu Hausawa kuma sai mun ƙara kula da *p* da *f*, don hannu yakan bi abin da baki ya saba. Bayan ka cike gurbi, ka karanta jimlar gaba ɗaya ka ji ko nahawunta ya tsaya: gurbin da ke bayan *a* ko *an* suna tilo yake jira.

Kanun sakin layi kuwa, kullum ana ba da kanu fiye da yawan sakin layi, kuma rarar ba a banza aka zuba su ba. Akan ɗauko kalma daga cikin sakin layin a saka ta a kan da ba shi ne amsa ba, don mai farautar kalma ya cafke. Kan da ya yi daidai yakan zo da wasu kalmomi dabam, kuma yana rufe sakin layin duka, ba misali ɗaya da ke cikinsa ba. Yadda za ka yi: kada ka fara da karanta kanun. Ka karanta sakin layi, ka faɗa wa kanka cikin kalma biyar abin da yake yi, misali "dalilin da tsohuwar hanya ta gaza", sannan ka duba jerin ka nemo mai kama da naka. Jimlar farko takan taimaka, amma idan ka ga *but* ko *however* a jimla ta biyu ko ta uku, ainihin maganar tana bayansu. Inda kanu biyu suka yi maka daidai, ka rubuta duka biyun a gefe ka wuce, wani sakin layi a gaba zai ɗauke ɗaya. Waɗannan tambayoyi ba sa bin jeri, haka ma masu cewa "wane sakin layi ne ya ƙunshi kaza". Na biyun ka bar su ƙarshe, lokacin da ka riga ka san matanin ciki da waje.

Idan kana da mako takwas: ukun farko ba agogo, nau'in tambaya ɗaya kowane kwana biyu, tare da kalmomi goma da karatun gudu na minti goma. Uku na tsakiya matani ɗaya a rana cikin minti 20, da bitarsa. Biyun ƙarshe cikakken gwaji sau biyu a mako, da safe, waya a kashe, kuma ka haɗa shi da sashen sauraro da na rubutu a zama ɗaya, don ranar jarrabawa babu hutu a tsakaninsu.

Daga wani uba a Zangon Kumasi: *Ɗana yana neman jami'a a Ingila. Wani a WhatsApp ya ce zai samo masa sakamakon Band 8 ba sai ya zauna jarrabawa ba, ko ya ba shi tambayoyin tun kafin ranar. Kuɗin da yawa, amma yaron ya faɗi sau ɗaya.*

Alhaji, kada a tura ko sisi. Jami'o'i da ofisoshin biza ba takardar da yaro ya miƙa suke dogara da ita ba. Kowane sakamako yana da lamba, suna shigar da ita a rumbun masu jarrabawar, wato British Council da IDP da Cambridge, su ga maki da hoton wanda ya zana. Takardar da ba ta cikin rumbun nan take za a gane ta, kuma abin ba zai tsaya a rasa gurbi ba, yana iya shafar duk wata biza da yaron zai nema nan gaba.

Ga abin da ya fi amfani a bincika. Jami'o'in Ingila da dama suna karɓar sakamakon Ingilishi na WASSCE, jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, galibi daga C6 zuwa sama, a madadin IELTS ga ɗaliban Ghana da Najeriya. Yaron ya buɗe shafin jami'ar, sashen sharuɗɗan harshe na ƙasarsa, ko ya aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai wasiƙa ya tambaya, don wasu suna sa iyakar shekarun da sakamakon zai yi, wasu kwasa-kwasan kuma ba sa yafewa. Idan ya zama dole ya sake zanawa, ya tabbatar Academic ya yi wa rajista ba General Training ba, ya kuma tambayi jami'ar ko tana bukatar nau'in da ake kira IELTS for UKVI, wanda akan nema ga masu shiga ajin share fage kafin digiri. Fasfon da ya yi rajista da shi, shi zai riƙe ranar jarrabawa.